Kabtin Ya'u a Shingen Shumaisi

Yayana Ya'u, wanda 'yan Nakkasa ke kira Kabtin, bai taɓa buga wasan lig ko ɗaya ba, amma je ka faɗi haka a gaban yaransa ka ga yadda za su yi maka caa. Ni ce ƙanwarsa Mairama, ni nake masa girki tun rasuwar matarsa, don haka ina da bakin magana.

A Nakkasa, wata unguwa a Makka, aka haife mu. Babanmu Bakano ne, ya zo Hajji ya zauna. Ya'u ya koyi ƙwallo a gangaren dutse, inda in ta kuɓuce maka sai ka bi ta har bakin titi. Shi ya sa take manne masa a ƙafar hagu. Ɗan tsakiya ne, bai damu da cin raga ba, shi dai ya raba wa mutane. Aibinsa ɗaya, kullum kansa a sunkuye yana kallon ƙwallo.

Wani ƙaramin kulob a Jidda ya kira shi gwaji, a can ya haɗu da kocinsu, Fagus. Bature ne daga Sikotlan, jajir da shi. Shi ma ɗan tsakiya ne a ƙasarsu, ya yi ta yawon ƙananan kulob har gwiwa ta ce ta gaji, ya koma koyarwa. Larabcinsa abin dariya ne. Da Ya'u ya sunkuya sai ya tsayar da wasa, ya tako, ya sa yatsu biyu a haɓarsa ya ɗaga, ya ce, "Ras fog!" Wato kai sama. Da haka ya mai da shi ɗan wasan da ke ganin fili gaba ɗaya.

To amma a lokacin ba a yi wa mara jinsiyya rajista, mu kuwa iƙama ce da mu, takardar zaman baƙi. Fagus ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, a banza. Kwantiraginsa ya ƙare ya tafi. Ya'u ya dawo gida yana gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da la'asar kuma ya kwashi yaran unguwa zuwa filayen motocin alhazai da ke wajen Muzdalifa, waɗanda suke fayau in ba lokacin Hajji ba. Shekara da shekaru yana ɗaga haɓar 'ya'yan mutane. Ba ya minti biyar bai ce "malamina Fagus" ba. In ya yi ɗawafi ma sai ya sa shi a addu'a, kuma duk Sallah suna waya.

Aka rushe Nakkasa muka koma Shisha. Ba a jima ba ciwon suga ya ci masa ƙafa aka yanke. Ta hagun, jama'a! Tun daga ranar Yaya ya kulle kansa a ɗaki. Ba fili, ba masallaci, ba waya. Yana zaune a keken guragu yana kallon inda ƙafar take a da. Na yi lallashi, na yi masifa, na yi kuka. Abu ɗaya ya ce mini: "Mairama, kada wanda ya sanni da ƙafa biyu ya gan ni haka. Balle malamina." Ina kallon mutum yana narkewa a gabana.

Tsofaffin yaransa suka ƙulla shawara ba da saninmu ba. Jagoransu Suhaibu, direban tasi, ya nemo 'yar Fagus a waya, ya ce Kabtin ba lafiya, su zo. Ta tambayi inda muke, ya ce Shisha. Ita ina ta san Shisha a cikin Makka take? Shi kuma Suhaibu, Allah na tuba, tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗauko baƙo a filin jirgin Jidda ba face ya kawo shi Harami. Ga shi ya tashi yana jin ana wa Fagus addu'a kamar kakansa. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa mutumin ba Musulmi ba ne.

Ina tankaɗe bayan azahar Suhaibu ya kira ni. Khala yake ce mini, wato inna.

"Khala, an tsayar da mu a shingen Shumaisi."

"Ku wa?"

"Ni da malamin Kabtin. Wai ba zai shiga ba."

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Na ce, "Innalillahi! Suhaibu, kana da hankali kuwa? Allon nan na hana wanda ba Musulmi ba shiga, da kake wucewa kullum, ƙato kamar gida, wa aka rubuta wa? Bature ka ɗauko ka nufo Makka da shi?"

"Wallahi, Khala, na manta. Mun koma gidan man da ke kusa. Ya fito daga mota ya zauna, ya ƙi tashi."

Na faɗa ɗakin Yaya na zayyana masa. Ya ce, "Ba zan je ba. Ai shi ya sa hankalina yake kwance, na san ba zai iya shigowa ba."

Au, ashe haka ne! Iyakar Harami ya mayar labule. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Yaya! Tsoho ya ƙetaro duniya, yana zaune a rana a gidan mai, kai kana ɓoyon ƙafa? To in ba ka tashi, ni zan je in faɗa masa da bakina." Na kira maƙwabcinmu Rabi'u, muka cicciɓe shi zuwa mota yana ta faɗa. Har muka fita gari bai ɗago kai ba. Ya ja bargo ya rufe cinyarsa a wannan zafin.

A gefen gidan man muka same su. Na ga wani tsamurarren tsoho a kujerar roba, kai fari fat, ga mace a tsugune tana ba shi ruwa yana kau da fuska. Wannan ne Fagus? Rabi'u, mai jin Turanci, ya saurari matar, sai na ga ya dafe kai.

"Khala, ta ce ciwon mantuwa ne. Ya daɗe bai san ta ba, ita 'yarsa. Bai san a wace ƙasa yake ba. Sunan Kabtin ne kawai yake yawan kira, shi ya sa ta kawo shi."

Na kama baki. Yaya yana can yana ƙin waya don kada a gane, bai lura ba shi ma an daina kiransa.

Suhaibu ya tura keken har gaban tsohon. Bargon ya zame ya faɗi, ba wanda ya iya ɗauka. Yaya ya dunƙule, haɓa a ƙirji, hawaye na ɗiga a kan jallabiyarsa. Fagus ya dube shi kamar yadda ya dube ni, kallon baƙo. Bai kalli ƙafar ba sam. Na ce a raina shi ke nan, mun makara.

Can sai na ga ya haɗe rai. Ya dafa kujera ya miƙe da ƙyar, 'yarsa ta kai hannu ya ture. Ya tako, ya sa yatsu biyu a haɓar yayana, ya ɗaga.

"Ras fog," in ji shi.

Yaya ya ɗago. Suka kalli juna, Yaya ya ce wa malaminsa, "Hadir, Kabtin." Wato na ji, na bi.

Washegari da la'asar ina wanke-wanke na ji yana ƙwala mini kira, wai ina na jefa masa usur ɗinsa, Suhaibu na jira a ƙasa zai kai shi fili.