Gwaggo Lauratu da Ƙarfen Makarantar Tudun Kanya

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko ana ruwa ko ana rana, Gwaggo Lauratu takan sauke tukunyar kalwarta daga murhu, ta ɗauraye hannu, ta ratsa gonar Mai Unguwa zuwa firamaren Tudun Kanya. A reshen mangwaron bakin makarantar akwai tsohon bakin garma a rataye. Takan ɗauki guntun rodi ta buga shi sau tara, yara su ɓullo ta kowace hanya.

Ba malama ba ce, mai daddawa ce. Ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa. Ta fara buga ƙarfen ne shekara goma sha tara da suka wuce, saboda hedimasta daga Malumfashi yake zuwa a kan babur, kafin ya iso yara sun watse gona. Daga baya shugabancin ƙungiyar iyaye ma ya faɗo kanta, don babu namijin da ya yarda ya ɗauki wahalar da ko godiya ba a yi. Ranar Alhamis da ta wuce ta yi bugun ƙarshe. Gwiwoyi sun ƙi, yanar ido kuma ta rufe mata ido ɗaya.

Mutanen garin sun ga abin da ta yi. Shekarar da iska ta yaye rufin aji uku, ita ta kira gayya aka noma waken suya a filin makaranta, aka sayar aka mayar da kwanon rufin. Sau goma sha ɗaya tana hawa mota zuwa ofishin ilimi neman ƙarin malami, har maga-takarda ya san tafiyarta tun daga ƙofa.

"Gwaggo, ke ce kuma?"

"Ni ce, ɗan nan. Ban mutu ba, ku ma ba ku turo malami ba. Kowa na nan inda yake."

Sai ga bana an zo da maganar wani ƙudiri. Wai za a riƙa ba kowane uba kati, ya kai ɗansa makarantar kuɗin da ya ga dama, kason yaron daga gwamnati ya bi shi can. A birni maganar tana da daɗin ji. A Tudun Kanya kuwa, makarantar kuɗi mafi kusa tafiyar kilomita goma sha huɗu ce. Mai babur zai kai nasa. Wanda ba shi da shi zai zauna a makarantar da ake yankar kasonta duk ranar da yaro ɗaya ya fita.

Wadda ta fara gane haka ita ce Baturiya, ƙawar Gwaggo, Bamagujiya daga ƙauyen hayin rafi, mai jikoki biyar a makarantar. Ta ce, "Lauratu, makarantar kuɗin can ta Islamiyya ce. Ku in kun je, gida kuka je. Nawa fa? Wannan mai tsagaggen bangon ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayarmu abin da muke bauta wa ba."

Lokacin kaka ne, babu kowa a gida. Gwaggo ta sa hedimasta Malam Zakariya ya rubuta takardar koke, ta ari tawadar hatiminsa, ta bi mutane gona-gona. A cikin auduga, a bakin masussuka, sai mutum ya goge yatsa a riga ya dangwala. Yatsu ɗari da sittin da uku ta tara. Nata ma da ƙyar ya fito, wankin kalwa ya cinye zanen.

Mutum ɗaya ne ya hana ta yatsansa: Mudi, ɗanta na fari, mai babur.

"Inna, ki yi haƙuri. Aji shida, malami biyu. Jikarki Sadiya tana aji huɗu, ko sunan magani a kwali ba ta iya karantawa. So kike ta tashi kamar..."

"Ƙarasa mana. Kamar ni."

"Ba haka nake nufi ba, Inna."

"Haka kake nufi, kuma gaskiya ka faɗa. Amma in ka ɗora Sadiya a bayanka, jikar Baturiya bayan wa za ta hau?"

Mudi dai bai dangwala ba. Abin da ke ci mini rai, ni mai rubuta wannan, shi ne na rasa ta inda zan zargi Mudi. Uba ne da ya gaji da jira. Haka ake kashe makarantar talakawa: ba a rushe ta da gatari, sai a bar ta da yunwa har masu sonta su gudu da ƙafarsu, sannan a nuna ta a ce kun gani, ba wanda yake so.

Ranar jin ra'ayin jama'a a Funtuwa, Gwaggo ta je da Baturiya da Malam Zakariya. Wani matashi a kan teburi ya buɗe takardun, ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi.

"Mama, wannan ai dangwale ne. Suna muke so da sa hannu da lambar waya."

Gwaggo ta ɗaga babban yatsanta. "Ɗan nan, ranar zaɓe da wannan muka dangwala, ba wanda ya ce mana bai isa ba. Kuma da an ba makarantar nan abin da nake roƙo shekara goma sha tara, da yau da biro muka zo maka."

Zauren ya ɗauki tafi. Matashin ya karɓi takardun, ya danne su da gorar ruwa. Malam Zakariya ya ce har suka fito suna nan ƙarƙashin gorar. An yi mata tafi, ba a yi mata komai ba. Ba a ko zartar da ƙudirin ba tukuna, amma jita-jitarsa kaɗai ta sa gida goma sha ɗaya sun cire 'ya'yansu, cikinsu har da Sadiya.

Gwaggo, ke ce kika yi gadin ƙofar ɗakin da ba a taɓa barin ki shiga ba. Ɗorawar bakin hanya, kowa ya sha inuwarki ya wuce. Ina so in ce miki kin yi nasara, amma ba ki saba da ƙarya ba, ba zan fara miki ita yau ba. Bangon ya ƙara tsagewa. Malaman suna nan biyu. Abin da na sani kawai shi ne, duk wanda ya iya rubuta sunansa a Tudun Kanya, sautin ƙarfenki ne ya tashe shi daga gona, har da mai rubuta wannan. Mun gode, Gwaggo. Allah ya biya ki da abin da muka kasa.

Ranar Alhamis ɗin, bayan bugu na tara, ta juya ta miƙa rodin ga iyayen da suka taru. Maza kusan talatin, kowa ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Hannunta ya daɗe a miƙe. Daga ƙarshe Baturiya ce ta tako da sandarta.

"Kawo. Amma ki sani na girme ki da damina biyu."

An yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Kowa a wurin ya san Baturiya daga hayin rafi take zuwa, kuma rafin ba shi da gada. Ranar da ruwa ya sauka, ba za ta iya hayewa ba.

Iyayen Tudun Kanya, da na Danja da Dandume da duk inda ake da makaranta irin tamu, ba a ce ku zama Gwaggo Lauratu ba. Ku halarci taro, ku bi sawun takardar nan, ku tambayi wanda kuka dangwala wa ina ta kwana. Damina saura wata uku. Mudi, duk garin nan gidanka ne ya fi kusa da mangwaron.