Yaya Asabe da Tallan Fim

Ku da kuka zauna Unguwar Kanawa kun san Yaya Asabe, yayar maigidana, ba ta taɓa zama ta kalli fim ba. Talla kawai take kallo, ɗan guntun nan da ake sakawa a farko don a kwaɗaita wa mutane fim mai fitowa. Da an gama tallace-tallace sai ta miƙe ta kaɗe zani. Wai naman duk an tsame shi an zuba a talla, sauran romo ne, ita kuwa ba jinya take ba da za ta zauna shan romo. Mun yi mata dariya shekara da shekaru, sai ga shi halin nan ne ya tsaya wa jikata Rabi lokacin da karatunta ya kusa lalacewa. Bari in bi da ku a hankali.

Tun zamanin kaset take takawa har Kawo, ta tsaya gaban talabijin ɗin wani mai shago Bakatsine. Ran nan tausayi ya kama shi, ya miƙa mata fim guda kyauta. Ta ce ya riƙe abinsa, ta riga ta gani a talla, matar nan mai kuka mutuwa za ta yi. Ya rantse mata matar ba ta mutu ba.

Ta ce, “To sun yi kuskure. Ka aika musu su gyara.”

Labarin unguwa ma haka take ba da shi. Ta leƙo gidana wata safiya, ko zama ba ta yi ba, ta ce, “Kande, gidan Sule direba. Mari! Akwati a waje! Mai unguwa da kansa!” Ta ɗauki gorona ta fice. Na bar tukunya a wuta na ja mayafi. Da na isa, akwati shanya shi aka yi saboda kyankyasai, marin kuwa sauro Sule ya kai wa a wuyansa, mai unguwa kuma gayyatar suna ya kawo. Na dawo ina huci na ce Yaya, ki ji tsoron Allah. Ta ce in nuna mata guda ɗaya da bai faru ba.

To, Rabi tana karatun jarida a jami'a, kuma akwai darasin tallan fim da ta faɗi bara. In ta sake faɗuwa, ƙawayenta za su gama su bar ta. An ce kowa ya haɗa nasa tallan da waya. Ta kawo nata ta nuna mana a tsakar gida: labari tun daga sallama har sulhu, har da addu'ar tashi.

Yaya Asabe ta ce, “Ja'ira, kin ciyar da mutum ya ƙoshi, sannan kike kiransa cin abinci?”

Nan ta zayyana mata ƙa'ida. A ɗaga hannu amma kada marin ya sauka. A nuna hawaye a ɓoye dalili. Kiɗa ya fara a hankali ya ƙare a guje. Mai magana kuma ya yi ihu kamar ɗan kamasho a tashar Kawo. Rabi ta buɗe littafinta, ta ce wallahi abin da Turawa suka rubuta ke nan. Yaya ta tambaya ko su ma a shagon Bakatsinen suke tsayawa.

Ana cikin haka akuyar maƙwabta ta faɗa wa kuɓewar da na shanya. Na zabura da muciya, ɗankwali ya zame. Yaya ta ce Rabi ta ɗauke ni da waya, ta yanke kafin akuya ta fito a hoto. Yaya ce ta yi muryar tallan da kanta, da haƙoranta huɗu: “Tsohuwa ta fusata! Wa zai kwana asibiti?” Ni da ko aji ban taɓa shiga ba, ga ni a jami'a da muciya. Mako biyu mata suna matsa mini wuri a gidan biki.

Sakamako ya fito Yaya tana kwance, ciwon da bai bar ta ba. Rabi ta durƙusa bakin gadon, kafin ta buɗe baki Yaya ta ɗaga mata yatsa.

“Malamin ya tambayi wa aka buga?”

“Ya tambaya, Inna. Sau biyu.”

“Kin faɗa masa?”

“A'a.”

“To kin ci. Tashi ki ba ni ruwa.”

Ta ci ɗin kuwa, ta gama tare da ƙawayenta. Kwana tara bayan nan muka yi wa Yaya wanka.

Allah Ya jiƙan Asabe, Ya yafe mata abin da ta ƙara wa gishiri, Ya haskaka makwancinta. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.