Ranar da Muka Sami Gida a Tudu

Wata Alhamis cikin watan Agusta, shekara ta huɗu bayan samun mulkin kai, malaminmu Malam Bulus ya buga ƙarfen tashi tun lokaci bai yi ba, domin hadarin da ya haɗo daga gabas ya riga ya zuba a can saman rafi. Muka fito a guje, ni da ƙanwata Kande, allunanmu a ka, amma da muka isa mashigi sai muka tarar ruwa ya riga mu. Rafin da muka ratsa da safe bai kai mana gwiwa ba, ga shi yanzu ya yi ja wur, yana tafe da kututture da karan bara, rurinsa ya hana a ji maganar na kusa. Sauran yaran ƙetare suka kama tsalle suna murna. Ni kuwa na tsaya riƙe da hannun Kande, domin mu ba mu da gida a Tudu.

Dole in bayyana yadda garin yake, in ba haka ba mai karatu ba zai gane nauyin wannan magana ba. Garinmu ƙarami ne, yana tsakanin Malumfashi da Kafur, kuma rafi ya raba shi biyu. A arewa akwai Tudu, inda tsohuwar ganuwa ta kewaye gidajen Musulmi manne da juna, da masallaci da kasuwa da marina da maƙera. Makarantar mishan tana bayan ganuwar, bakin hanyar mota. A kudu kuwa Ƙetare ne, ƙasa mai laka da ke ba da dawa da auduga, inda gidajenmu na Maguzawa suke a warwatse, kowane gida a tsakiyar gonarsa da rumbunansa. Bayan girbi Fulani sukan sauka a gonakin, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Ba zan faɗi yawan mutanen garin ba, domin ban ƙidaya su ba, kuma ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da na tabbatar shi ne, ba a taɓa haihuwa a ɓangare ɗaya ba face an ji a ɗayan kafin cibiyar jaririn ta faɗi.

Da rani rafin nan filin wasanmu ne. A cikin yashinsa muke tonon ruwan sha, a nan muke langa da kokawa bayan mun kora awaki, a nan kuma 'yan mata suke wanke ƙore suna gaɗa. Da damina kuwa ba ya shawara da kowa. Saboda haka kakannin garin suka kafa al'ada: kowane gida na Ƙetare yana da gidansa a Tudu, kowane gida na Tudu yana da nasa a Ƙetare, inda mutum zai kwana idan ruwa ya tare shi. Maigida ne yake zuwa da kaza da ƙwaryar gero ya nemi zumuncin, daga nan kuma ana gadonsa kamar gona. Da kaka a kai damin dawa Tudu, da Sallah a aiko da nama Ƙetare. Dattawa sukan ce, "Wanda ba shi da tabarma a hayin rafi baƙo ne, ko furfura ya yi a garin." Mu kuwa a bazarar wannan shekara muka taso daga wajen Kafur neman ƙasar noma. Mahaifina Jatau mutum ne mai tsare mutuncinsa, ya ce ba zai nemi zumunci da geron da ba a ƙasar nan ya tsiro ba, sai ya girbe nasa.

Da la'asar mutanen Tudu suka sauko bakin ruwa bisa tsari. Tun da murya ba ta tsallakawa, kowane mai masauki yakan tsaya da yaran da zai saukar a gefensa, iyaye su hango daga can su koma gida da kwanciyar rai. Ɗaya bayan ɗaya aka kwashe abokanmu, har ya rage mu biyu a gindin wata ɗorawa. Ina hango mahaifina a wancan hayi, da malfarsa, fartanya a kafaɗa, ya ƙi motsi. Malam Bulus ya dafa ni ya ce kada in damu, za a shimfiɗa mana a aji. Na gode masa yadda aka koya mana, amma na san cewa duk wanda ya kwana a aji, gari ya shaida ke nan cewa ba shi da kowa, kuma a idon jama'a mahaifina zai sha wannan kunya.

Ana haka sai ga Iya Hajara mai daddawa, wata tsohuwa da ke zaune kusa da ƙofar ganuwa. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Kai Nomau, ba 'ya'yan Jatau ba ne ku? Ku wuce gida, tuwo na kan wuta." Kafin mu ɗaga ƙafa, Malam Garba maƙeri ya ratso taron yana cewa, "Haba Iya, gidan da ko kaza ta shiga sai ta fito tana warin daddawa? Ni na ƙera wa ubansu garma, nawa ne." Ta ce, "Garmar da ta karye a kunya ta biyu? Rufa mana baki, Garba, na san ka tun kana yawo ba wando." Wurin ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya tuna musu cewa Jatau bai riga ya kawo kaza ba. Iya ta juya gare shi ta ce, "To kazar ce za ta kwana a waje, ko yaran?" Ba ta jira amsa ba, ta kwance mayafinta ta goya Kande, ta ce wadda ta goya ai ita ce uwa. Malam Garba, don kada a bar shi hannu biyu, ya sure ni ya aza a wuyansa, ni da nake ɗan aji uku mai ji da kansa. Daga can saman na ga mahaifina ya cire malfarsa ya ɗaga ta sama, ya sauke, ya sake ɗagawa.

Mai unguwa ya yanke hukunci a nan take: kwana a gidan Iya, kalaci a maƙera. Na ci tuwon dawa da miyar kuka wadda har yau ban ci irinta ba, da safe kuma na sha koko ina taya Malam Garba zuga wuta. Haka muka yi ta yi har ruwa ya janye, kuma ban ji daɗin janyewarsa ba. Da kaka mahaifina ya ɗaure dami biyu, ya kama kaji biyu, ya haura Tudu, mutane suna tsokanarsa cewa baƙon bana ya fi 'yan gari gidaje.

Yanzu akwai gadar siminti a mashigin. Gonakin da ke tsakanin gidajen Ƙetare sun zama gine-gine, ganuwa ta baje, babura suna wucewa a kan ruwan ba tare da mahayansu sun dube shi ba. Ba na ƙin gada, ta ceci rayuka. Amma bara na tambayi wani yaro a bakinta ina ne gidansu na hayi, ya tsaya yana kallona, bai gane tambayar ba. Iya Hajara da Malam Garba sun daɗe da rasuwa, jikokinsu kuma da kyar suke tuna dalilin zuwana.

Ni dai har yau, duk kaka, dami biyu nake ɗaurewa.