Tuwon Rufin Ɗakin Baƙi

Ƙarshen bazara ne, a shekarun farko da jirgin ƙasa ya fara zuwa Nguru. Zafi ya kai inda in ka ɗebo ruwa a randa ka ɗan tsaya gaisawa, sai ka tarar ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Duk da haka shekarar ba ta yi mana nauyi ba. Gari ya cika da baƙi, raƙuma da takarkarai na shigowa da ƙaro da kanwa da fatu, kowa ka gani sauri yake yi, kowa yana jin arziki ya kusa ƙofar gidansu. Ni a lokacin ina goyon 'yata ta biyu, ina tuwon sayarwa a wata rumfa kusa da tasha. 'Yan dako da fatake su ne masu cinikina.

A bayan rumfata akwai tsamiya, a gindinta kuma akwai wata tsohuwa. Mutuniyar Gashua ce, garinmu, shi ya sa nake ce mata Iya tun ranar farko. Ɗanta ne ya kawo ta a kan jaki, ƙafarta ta kumbura, wai za su shiga jirgi a kai ta Kano neman magani. Da ta ji kukan jirgin, ta ga hayaƙi, sai ta ce ita da ta shiga cikin wannan abu gara ƙafar ta cire. Ɗan ya yi lallashi har ya gaji, ga sharar gona tana jiransa, ya bar mata ɗan gero ya ce zai dawo bayan shuka. Ba ita kaɗai ba ce. Marasa lafiya da yawa sukan yi kwanaki a gindin tsamiyar nan suna jiran jirgi. Fatomomi, wato masu saukar da fatake a gidajensu, mai kaya suke nema, don a la'ada suke samu. Mara lafiya kuwa ba shi da kaya sai ciwonsa.

Abin ya dame mu, mu masu tuwo da masa da fura, kuma don a faɗi gaskiya ya dami fatomomin ma. Aka yi gayya aka tayar da bangon ɗaki babba kusa da tsamiyar. Sai aka tsaya a rufi, don azara da magini kuɗi suke ci. Bangon ƙasa kuwa in ruwan sama ya same shi a buɗe, ya zama kunu. In bangon ya zube, Iya a gindin bishiya za ta yi damina, da ƙafar da ba ta iya takawa.

Mai furar da ke gefena ce ta kawo dabara. Bafulatana ce doguwa, ta girme ni sosai, Goggo muke ce mata, kuma bakinta ba ya hutawa. Ta ce mu ware ranar kasuwa guda, kowa ta yi girkinta mafi kyau, abin da aka samu duka a zuba a rufi. Babban fatoman unguwar, wani Babarbare mai tumbi da gemu, ya ba da gero buhu. Masunta suka ba da banda. Aka sa mai shela ya zaga gari. Kwana biyu muna daka, muna waƙa, muna yi wa juna dariyar wadda miyarta za ta fara ƙarewa. Ni na yi burabusko da miyar kuka, na zuba mata kifi har na ji tsoron kaina.

Sai muka jera tukwane a fili, a gaban bangon, muka shimfiɗa tabarmi, don kowa ya ga abin da kuɗinsa zai yi. Nan muka yi kuskure. Mun saba ciyar da matafiya, wanda ba a san shi ba a gari ya zauna ko'ina ya ci. Mun manta cewa magidanci mai mutunci ba ya cin abinci a bainar jama'a, ga surukansa, ga yaran shagonsa. Ba zai kuma saya ya aika gida ba, kada a ce tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba.

Da hantsi manyan gari suka zo, cikin manyan riguna. Suka gaishe mu, suka zaga bango suna ƙwanƙwasawa, suka ce Allah ya ba da lada, sannan suka koma inuwa suka tsaya da hannuwa a baya. Wani zai ce me ya hana su ba da kuɗin kawai. To, ba mai son ya fara, kada a ga abin da ya bayar a auna shi da shi. 'Yan dako suka sayi na anini-anini yadda suka saba, wanda ko azara guda ba zai saya ba. Rana ta take, tuwo ya fara gumi, ni kuma ina ta ɗaga murfi ina shinshina miyata. Iya ta kira ni a hankali ta ce gwiwarta ta gaya mata ruwa na nan tafe, ko yau ko gobe. Na dubi gabas, na ga ya ɗan yi duhu. Ban gaya wa kowa ba.

Goggo ce ta gaji da kallo. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowanne na cewa ɗaya bawansa ne, kuma ba a fushi. Ta nufi fatoma kai tsaye, ta tsaya gabansa da ludayi a hannu.

"Kai bawan babana, geron da ka ba mu kishiyar tumbinka ce, da ba za ka taɓa ba?"

Ya ce shi ya ƙoshi tun daga gida. Ta ce ai ta gani, ba sai ya rantse ba. Sai ta matsa ta yi masa raɗa, tana nuna wani dillalin shanu da haɓa, Bafulatani siriri mai malafa, wanda kunyarsa ta yi suna a kasuwa. Na ga gemun fatoma ya fara rawa. Ya kira ni, ya ce in cika akushi mafi girma, ya zaro kuɗi a gaban kowa ya jefa a ƙwaryar da muka ajiye don kuɗin rufi, ya ba ni saƙo in kai.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, har yau 'ya'yana suna cewa sai sun matso suke jin faɗana. Na durƙusa gaban dillali na ajiye akushi, na faɗi saƙon ina kallon ƙasa. Ba wanda ya ji. Jama'a suka ce in sake. Na sake, aka ce har yanzu. A na uku na rufe ido na ce, "Baffa, ubangidanka ya ce ka ci ka yi nauyi, kada iskar hadari ta ɗauke ka."

Wurin ya kece da dariya. Dillali ya ja malafa ya rufe fuska. Abincin da aka aiko maka ba a mayarwa, ci kuma a gaban mutane ba zai iya ba. Sai ya taɓa bakin akushin ya yi bisimilla, ya tura wa wasu marasa lafiya da ke bayansa. Ya miƙe, ya kwance lalitarsa, ya ce in cika akushi biyu.

"Ki ce wa Babarbaren nan na ji. Ga biyu, ɗaya nasa, ɗaya na tumbin, tunda ba tare suke isowa wuri ba."

Wannan karon ban jira an ce in sake ba.

Daga nan abin ya ɓalle. Kanawa suka fara aika wa Damagarawa, maƙera suka aika wa Buzaye masu raƙuma, wanda ba shi da abokin wasa a wata ƙabila ya shiga raba ido yana neman taubashinsa a cikin taro. Kowane akushi da saƙonsa, kowane saƙo sai an rama da abin da ya fi shi. Mu kuwa gudu muke tsakanin tukwane da inuwa, goyona na ta tsalle a bayana tana ƙyalƙyala dariya kamar ta san abin da ake yi. Na kai wa wani saƙon wani, ba wanda ya damu, shi ma ya saya ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Mai masa ta ƙone hannu ba ta sani ba sai daga baya. Abincin duk yana ƙarewa ne a hannun 'yan dako da matafiya da mutanen gindin tsamiya. Wani ɗan dako ya kwanta rigingine a tabarma yana roƙon a daina zagin juna haka nan, cikinsa zai fashe.

Sai Goggo ta kafa doka daga bakinta, wai duk wanda aka aika wa sau uku dole ya ci da kansa, haka aka gada. Ba wanda ya taɓa jin wannan gado, amma duk aka ce haka ne, saboda fatoma ne na farko da ya cika uku. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ba mafita. Ya ɗauki akushina ya je ya zauna yana fuskantar bango, ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya yi labule da shi. Muka kasa kunne muna jin motsin bakinsa. Da ya juyo, miyar kuka na zarara a gemunsa, ya dube ni ya ce, "'Yar nan, akwai saura?"

Na zauna a ƙasa don dariya, hawaye na zuba. Daga nan kunya ta watse. Manya suka zazzauna, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, suna ci suna musun ba su ci ba. Dillalin shanu ne kaɗai bai ci ba, amma an ga furar Goggo ta ɓace a ƙarƙashin malafarsa.

Kafin la'asar muna kankare ƙanzo. Aka kira magini aka miƙa masa ƙwaryar kuɗin, ya ɗaga ta da hannu biyu ya ce ta isa, har da ƙofa. Yana rufe baki iska ta taso daga gabas, mai sanyi da ƙanshin ƙasa. Kowa ya ɗaga kai. Magini ya ce rufin ƙasa ba aikin yini guda ba ne, amma in aka jera azara aka lulluɓe da zana, har kan bangon, zai iya tsira.

Mai azara yana nan cikin kasuwa bai tashi ba. Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma ban sake gani ba: attajirai sun naɗe manyan riguna a kafaɗa, biyu-biyu, suna gudu da azara. Fatoma da dillali suka ɗauki guda, gajere a gaba dogo a baya, suna tafe suna zargin juna da sakar wa ɗaya nauyi. Muka kwance zanan rumfunanmu muka miƙa, aka ɗaɗɗaure, aka danne da itace. Mu mata huɗu muka ɗauko Iya a kan tabarmarta, tana ta faɗa wai mu bi a hankali, ita ba buhun gyaɗa ba ce. Muna ajiye ta a lungun da zana ya fi kauri, ɗigon farko ya faɗo.

Ruwan bai yi yawa ba, irin na farkon nan ne mai iska. Muka cunkushe a ɗakin, masu tuwo da marasa lafiya da waɗanda ruwa ya tare, yana ɗiga nan da can muna tara ƙore. Iya ta kama hannuna ta ce ɗakin yana yoyo. Na ce na gani, Iya. Ta ce to, ba ta ce a fitar da ita ba.

Washegari da sassafe na fara zuwa na shafa bangon ta kowane gefe. Ta gabas ya ɗan zaizaye, sauran yana nan daram. Hannuwana ba sa ɗaguwa sosai, rumfata kuma ba zana, don haka ban hura wutar tuwo ba. Na dama wa Iya kunun tsamiya na kai mata, na gyara goyona, na ɗauki tulu na nufi rijiya, don magini ya ce da hantsi zai fara kwaɓa ƙasa.