Ƙwallon Dabino Bakwai

Jiya jikata ta kawo min dabino a faranti. Ina gama ci sai na tsinci kaina ina jera ƙwallayen a tafin hannu ina ƙirgawa. Bakwai cif. Na kasa zubar da su. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ba labarin da zai sa a yabe ni ba ne.

A unguwar Mansur, nan kusa da Harami, aka haife ni, a wani gida da ke bayan masu tsire, inda hayaƙi da ƙamshin yaji ke riga baƙo shigowa. Kakata ta wajen uba da ƙafarta ta tako daga ƙasar Sakkwato tana amarya, shekara uku suna hanya. Mu kuwa da muka buɗe ido muka ga hasumiyoyin Harami daga saman soro, sai mu yi wata biyu ba mu leƙa ba. Abin yana ba ta haushi. Takan ce na bakin rijiya shi ke kwana da ƙishirwa.

Amma akwai rana ɗaya da ba ta wuce mu, wato ranar Arfa. Mazan unguwa duk sun bi alhazai, wasu dako, wasu jagora, gari ya zama na mata. Sai a cika butar shayi, a ƙulle ma'amul, cincin ɗin nan mai dabino a ciki, a ƙyalle, a ɗunguma Harami, don ran nan kaɗai ake samun Ɗakin Allah babu turereniya. Har kukan tattabaru kana ji.

Shekarar da nake tara, yanar ido ta rufe wa Kaka gani, gwiwoyinta kuma sun ƙi. Ta ce bana za ta yi sallama da Ɗaki. Innata ta ce a ɗauke ta a gadon katakon nan da ƙarti ke zagayawa da tsofaffi a kai.

"Ba a ɗauko ni daga Sakkwato ba," in ji Kaka. "Nan ma ba a ɗauka ta."

Ni aka ba hannunta. Dabararta ita ce ta damƙe ƙwallon dabino bakwai a hannun hagu. Duk lokacin da muka zo daidai Hajarul Aswad, sai in zare ɗaya in jefa aljihu. Hannu ya zama wayam, ɗawafi ya cika.

Mun makara, rana ta take. A lokacin ba a shimfiɗa wannan farin dutse mai sanyi ba, daɓen kamar tanda yake. Ita tafin ƙafarta ya ga hamada, ko a jikinta. Tana tafe kamar hawainiya, tana addu'a da Hausa, tana jero sunayen mutanen da suka mutu a hanya tun ba a haifi babana ba. Ni kuwa ina ɗaga wannan ƙafa ina sauke waccan, ina hango sauran yara a inuwa suna cin ma'amul.

A zagaye na biyar na zare biyu a haɗe. Da muka cika na shida na zare na ƙarshe, na ce, "Khalas, ya sitti. An gama, Kaka, bakwai."

Ta tsaya. Ta shafa tafin hannunta da yatsa, ta juyo da fuskarta wajena. Sannan ta ce, "To, madalla. Mu koma inuwa."

Ba ta ƙara komawa ba. Kafin wata Arfar ta zagayo an kai ta makwancinta. Tun ina yarinya na san ɗawafi shida ba ɗawafi ba ne, kuma ni na ci mata na ƙarshe a duniya saboda zafin ƙafa. Abin ya zauna min a ƙirji shekara da shekaru, ban gaya wa kowa ba.

Sai da na yi haihuwar fari, Inna tana gasa min jiki, na fashe da kuka na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ya binti, matar da ta ƙirga rijiyoyi daga Sakkwato har bakin teku, ita bakwai za ta ɓace wa? Tun ran nan ta gaya min. Ta ce, 'Ɗiyar ga ta ci min guda. Ƙafarta ce ta ƙone. Kada ki taɓa ta.'"

Wallahi da dukana ta sa aka yi, da ya fi min sauƙi.

Yau Harami ba ya zama wayam ko ranar Arfa. Benaye sun tsare hasumiyoyin da muke hange, daɓen kuma sanyi ƙalau ko da tsakar rana. Duk shekara nakan je in yi bakwai da niyyar Allah ya kai mata ladan. Jikata takan ce in bari ta ƙirga min a waya. Nakan ce a'a, in damƙa mata hannuna da ƙwallayen a ciki. Bara na ji ta zare biyu a haɗe. Da hannu ya zama wayam na ce, "To, madalla."