Rakiyar da Maikasuwa Ya Yi wa Farfesa Gu

Duk wanda ya san tashar 'yan acaɓa ta Roni ya san Maikasuwa. Da keke ya fara neman abinci, yana kai gyaɗa Kazaure, daga baya Allah ya hore masa jan babur, ga shi yau furfura ta cinye gemu yana nan a kansa. Abin alfaharinsa guda ne a duniya: tunda yake, baƙon gidansa bai taɓa tafiya a ƙasa ba. Ko nan da bayan gari za ka, sai ya goya ka. In ka ƙi kuwa, kun ɓata.

To, 'yarsa Hafsatu da ke karatu a ƙasar Sin ita ta jajibo masa baƙo. Ta bugo waya tana ta zumuɗi, wai malaminsu Farfesa Gu zai zo, kuma a gidansu zai sauka.

"Baba, babban mutum ne fa!" in ji ta. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye cikin duwatsu, ya koyi Hausa a jami'a har ya zama mai koyar da ita. Duk hutu sai ya saɓi jaka ya shiga duniya, ya dawo ya rubuta littafi a kan garuruwa da mutanen da ya gani. Yanzu tsufa ya zo, ƙafafu sun fara gardama, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe.

Kai, zo ka ga murna! Maikasuwa ya wanke babur har sau biyu, ya canza rigar kujera, ya bi tasha yana shela cewa farfesa guda zai goya.

Baƙo ya iso, ɗan tsamurmurin tsoho mai fara'a, ya durƙusa ya gaida dattawa, ya ci tuwon Dela, matar Maikasuwa, har da neman ƙari. Washegari ya ɗaure takalmi, ya ce zai bi ta Gwiwa da Kazaure har Ɓaɓura. Maikasuwa ya buga babur.

"Bisimilla, ranka ya daɗe."

"A'a, Malam Maikasuwa. Da ƙafa zan je. Duk littattafaina a ƙasa na yi tafiyarsu, wannan ma haka."

Da ƙafa! Maikasuwa ya lallasa, ya yi rantsuwa ko kwabo ba zai karɓa ba, tsoho yana ta murmushi yana girgiza kai. Kafin ka ce me, labari ya kai tasha. Salisu, abokin tsokanarsa, ya leƙo zaure yana dariya har da riƙe ciki.

"Ashe farfesan naka a ƙasa zai tafi? Ko dai ya ga tuƙin naka ne?"

Abin ya soki Maikasuwa ƙwarai. Sunan da ya tsufa yana ginawa zai rushe a safiya ɗaya, a ce baƙonsa, tsoho kuma, ya fita daga gidansa yana jan ƙafa. Ya shiga gida yana huci.

Dela ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar wake ba. "To ka raka shi mana, Malam. Wa ka taɓa ji an zaga don ya yi wa baƙo rakiya?"

Wallahi kuwa! Maikasuwa ya fito da gudu. Amma barin babur a gida, ina! In tsohon ya gaji fa? Sai ya kama ƙahon babur ɗin ya tura, suka jera shi da Farfesa.

A bakin gari Farfesa ya ce, "Koma haka nan, na gode."

"Bari dai mu kai waccan kukar."

Suka kai kuka, ya ce sai rafi. Suka haye rafi, ya ce ai Gwiwa ta kusa. Masu wucewa suna tambayarsa ko mai ne ya ƙare, shi kuwa ya ɗaga murya, "Rakiya nake!"

Ya sha wuya, ba ƙarya. Ƙafafu suka kumbura, kafaɗa ta riƙe, kullum da safe sai ya shafa kujera ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ɗan nan da can?" Kullum a ce masa a'a. Amma ya ga abin da bai taɓa gani ba a hanyar da ya tsufa yana bi. Sun sha nono a rugar da ya saba wucewa da gudu. A Achilafiya sun zauna da masu sheƙar gero, Farfesa yana ta tambaya kamar sabon ɗalibi, har Maikasuwa ya shiga ba shi amsa da nasa labarin.

Da suka shiga Ɓaɓura, tsohon ya zauna a inuwa, ya kwance takalmansa, ya daɗe yana kallonsu.

"Na gama," in ji shi. "Ba zan ƙara irin wannan tafiya ba har abada. Tunda nake ban taɓa yarda wani ya ɗauke ni ba, ban kuma taɓa samun wanda ya raka ni har ƙarshe ba." Ya miƙe da ƙyar. "Malam Maikasuwa, goya ni ka mai da ni gida."

Hawaye suka zubo wa Maikasuwa, bai ma damu ya share ba. Bugu ɗaya babur ya tashi.

Ranar kasuwa suka shiga Roni, yana ta danna ham, Farfesa ya rungume shi ta baya yana ɗaga wa jama'a hannu. Da suka zo tasha ya rage gudu sosai, ya zagaya, ya sake zagayowa.

"Salisu! Buɗe ido ka gani da kyau!"

A gida suka tarar Dela ta dafa ruwan gashin ƙafa, bokiti biyu.