Dattijon da ya ƙaryata talabijin

Ina zaune a shagon aski ina jiran layi, idona a kan dattijon da ke bisa kujera. Siriri ne, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, hannayensa manya irin na wanda ya daɗe yana riƙe sitiyari. Talabijin ɗin bango yana nuna shirin tarihin wata tauraruwar fina-finan da, wadda ta rasu a hatsarin mota tana da shekara ashirin da huɗu.

Mai sharhi yana cewa barci ne ya ɗauke direbanta. Dattijon ya zabura.

"Baba, a hankali, aska ce a wuyanka," in ji mai aski.

"Ƙarya suke yi. Taya ce ta fashe."

Wani na kusa da ni ya yi dariya. "Kai Baba, kamar kana wurin!"

Dattijon ya kafa wa talabijin ido. Jijiyar wuyansa ce kawai ke harbawa a ƙarƙashin kumfa, har dariyar ta mutu da kanta. Ina tunanin ko shi ne direban, ko ƙaninsa ne da ya girma ana nuna gidansu da baki. Ban isa in tambaya ba.

Mai aski ya miƙa hannu zai kashe talabijin, dattijon ya damƙe masa hannu.

"Bar shi, ɗana. Ina so in ji ko wannan karon za su faɗi cewa kotu ta wanke shi."

Duk muka kasa kunne tare da shi, har sunayen masu shirin suka gama wucewa. Ba su faɗa ba.